Waƙar da Aka Ce Jalalu Ya Tattaro

Jawabin Malam Haladu Sodangi, tsohon malamin makaranta, a taron addu'ar arba'in ta marigayi Jalaluddeen Mu'awiya mai gyaran lasifika, a ƙofar shagonsa da ke bakin hanyar Shinkafi, Ƙauran Namoda.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, wanda ya ba mu rai aro kuma yake karɓar abinsa ba tare da shawara da kowa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Wakilin mai martaba sarki, Allah ya ja zamanin wanda ya aiko ka. Uwayen ƙasa da masu unguwanni. Malamanmu limamai, musamman waɗanda sunka biyo hanyar Zurmi da ta Shinkafi yau, hanyar da yanzu ba a hawa sai an yi alwala an bar wasiyya. Shugabannin ƙungiyar masu gyaran rediyo da lasifika, da kunka ɗora min wanga nauyi. Malam Abdussalam, limamin masallacin gidan marigayi Malam Mu'awiya, yayan mamaci ciki ɗaya, na ga zuwanka, na kuma ga inda ka zauna, can ƙarshen tabarma. Lauratu, matar marigayi, da ke takaba a ɗakin bayan shagon nan tana jina ta lasifikar mijinta. Rumaisa'u, ɗiyar marigayi, ɗiyata. Jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

An ce in yi minti goma, in faɗi alheri, in zauna. Alherin zan faɗa, amma minti goma ba za su ishe ni ba, ku yi haƙuri da tsoho. Akwai maganar da na riƙe shekara talatin da takwas, kuma wanda ya hana ni faɗinta yau kwana arba'in ke nan yana ƙarƙashin ƙasa.

Mu mutanen Ƙaura mun san Jalalu da waya a wuya da ƙarfen liƙi a hannu. Ya kasance mutumin da in lasifikar masallaci ta shaƙe, daga nan har Kasuwar Daji, har Shinkafi, shi ake aika wa. Ya kasance ba ya karɓar ladan aikin masallaci, in an matsa masa sai ya ce a ba shi ruwan sha. Ya kasance mai gajeren zance, har wasu na cewa girman kai ne. Ya kasance in zai gwada makirfo ba ya cewa komai a ciki, sai ya ƙwanƙwasa shi da yatsa sau uku ya saurara. Yaran yanzu sun ɗauka salo ne, har suna kwaikwayonsa. Ba salo ba ne. Mutum ne da ya haramta wa muryarsa shiga lasifika, kuma mu tsofaffi mun san dalili, muna dai yin kamar mun manta.

Bari in tuna muku.

A makarantar sakandaren da munka yi, ni da shi, akwai wani malami Ba'indiye mai koyar da kimiyya, Mista Kulkarni. Lokacin nan Indiyawa sun cika makarantunmu. Ina gaban Jalalu da aji biyu, kuma bayan na gama karatu na dawo makarantar ina koyar da lissafi. Da Mista Kulkarni zai koma ƙasarsu, kaya sunka yi masa yawa, sai ya bar min abu uku: wasu 'yan ganguna tagwaye da ake kaɗawa da yatsu, suna ce musu tabla, da akwatin kiɗa mai zuga-zugi da suke kira hamoniya, da kaset guda mai rubutun Indiya a bayansa.

Jalalu kuwa tuni kiɗan jita ya shiga ransa. Ɗan gidan malamai ne gaba da baya, ya sauke Alƙur'ani yana ɗan shekara goma sha uku, amma kunnensa na can gajeren zangon rediyo yana kamo kiɗan Turawan nan mai amo da ake ce wa rok. Shi ya haɗa wa kansa akwatin ƙara sauti da kayan tsofaffin rediyo. Muna taruwa a wani ɗaki a bayan tashar jirgi, mu rataya barguna a bango, mu yi ta fama.

Kun san halinmu da waƙar Indiya. Kakanninmu ba su ji Indiyanci ba, mu ma ba mu ji, amma wa ya taɓa hana mu rera ta? Mun tashi muna kallon finafinansu, muna haddace waƙa da kunne. Wani ya ari karinta ya yi waƙar soyayya, wani ya ara ya yi bege, ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi fassara. A wurinmu in Ba'indiye ya buɗe baki yana waƙa, to yarinya yake so, ko uwarsa yake nema. Da Jalalu ya ji kaset ɗin nan, ya ji wani amshi mai layi biyu da taron mutane ke maimaitawa, suna farawa a hankali suna ƙara sauri, sai ya miƙe tsaye ya ce, “Haladu, wanga ai jirgi na. Ji yadda shika tashi daga tasha.”

A kan wanga amshi ya gina waƙarsa. Ya sa mata baitoci na Hausa a kan garinmu, inda layin dogo ya zo ya ƙare, da yadda jirgi ya fara yi mana rowar zuwa, da mata masu tuwo-tuwo da ke zaman jiran fasinjan da ba ya sauka. Ya kira ta “Ƙarshen Dogo”. Ni ke kaɗa tabla, kamar ƙafafun jirgi a kan ƙarfe. Hamoniya na riƙe da murya guda daga farko har ƙarshe. Shi kuma ya cusa ɗan guntun ƙashi ƙarƙashin tsirkiyar jitarsa don ta riƙa zuza irin ta molon Indiyawa, sa'annan in an zo tsakiya ya sake ta ta yi kururuwa. Amshin kuwa ya bar shi da Indiyancinsa yadda ya ji shi, bai taɓa ko harafi ba.

Zan faɗi gaskiya ko da malamai za su harare ni. Waƙar ta yi daɗi. Ban taɓa sa hannu a abin da ya kai ta kyau ba, kuma daɗin nata shi ne musibar. Cikin wata uku a shekarar 1986 ta cika motocin haya, ta cika rumfunan masu shayi, ta tsallaka har Maraɗi. Mata na daka da ita.

Ran nan wani ɗan garinmu da ya dawo daga karatun likitan dabbobi a Indiya ya je gaida Malam Mu'awiya, mahaifin Jalalu. Ya tarar da yaran makarantar gidan suna wanke alluna suna rera amshin. Ya tsaya cak. Ya shiga ya shaida wa Malam cewa wanga ba waƙar fim ba ce, zikirin mabiya addinin Hindu ne, sunayen abin bautarsu ne ake kira ana neman tsari da shi.

Bayan azahar Malam ya aiko aka kira mu. Mun durƙusa a zaure, Malam Abdussalam na zaune a damansa, yana nan, in na ƙara ko na rage ya tsayar da ni. Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Jalalu, ka san abin da kas sa a bakin ɗiyan musulmi?”

Ya ce, “Wallahi Baba ban sani ba.”

“Wa ya kawo maka ita?”

Jalalu ya sunkuyar da kai, ya ƙi ambaton sunana. Malam ya juyo gare ni ya ce, “Kai fa Haladu, kai da kaz zauna da Ba'indiyen, kai ma ba ka sani ba?”

Na ce, “Allah gafarta Malam, ban sani ba.”

Jama'a, ƙarya na yi. Na sani. Mista Kulkarni bai yaudari kowa ba, mutum ne mai riƙon addininsa kamar yadda muke riƙon namu. Ranar da ya miƙo min kaset ɗin ya faɗa min ƙarara cewa wanga na ibadarsu ne, da shi yake buɗe safiyarsa, in adana masa shi da mutunci. Da na ga Jalalu ya miƙe tsaye yana murna sai na ce a raina, wa zai gane a Ƙaura? Na yi shiru saboda ina son a yi waƙar. A zaure kuma na yi ƙarya saboda ina tsoron aikina da sunan gidanmu. Ga ni a gabanku, furfura har gira, yau na faɗa.

Malam ya daɗe yana jan tasbaha, sa'annan ya yanke hukuncin da duk kun sani. Ya ce, “Ban tsine maka ba, kuma ba ni tsine maka. Amma kai kas sake ta, kai za ka tattaro ta. Ran da babu ita a bakin kowa, ga zaure nan, ka shigo. Kahin nan kak ka taka min shi.”

Da wani ɗan ne ya ji haka, da sai ya ce tsoho ya rufe ƙofa ke nan, ya kama gabansa ya tafi Legas. Jalalu bai ji haka ba. Shi aiki ya ji an ba shi. Ya fasa jitarsa a ranar. Ya sayo kaset-kaset na wa'azi da karatun Alƙur'ani ya cika jaka, ya shiga bin kasuwanni. Alhamis yana Shinkafi. Yana Kasuwar Daji, yana Zurmi, yana tashar mota yana leƙa tagar direbobi. Duk wanda ke da “Ƙarshen Dogo” ya ba shi wa'azi biyu ya karɓi ɗaya. Mutane sunka gane, sai wasu marasa tsoron Allah sunka riƙa kwafar sababbi suna kawo masa musaya. Ya sani, yana karɓa. In buhu ya cika ya kai bayan gari ya cinna masa wuta, ya aika a gaya wa Malam adadin buhun. Malam ya ce, “Na ji. Jiya na ji wata tana tatsar nono da ita.”

Shekara biyar ana haka Malam ya rasu. Jalalu ya bi sallar gawa a sahun ƙarshe, ya yi zaman makokin ubansa a kan dakalin maƙwabta. Malam Abdussalam ya gaji limanci, ya gaji zaure, ya gaji maganar. Na san ba ƙiyayya ba ce, Malam. Ka ga uba ya ɗaure abu bai kwance ba ya tafi, kai kuma kana jin ba ka isa ka kwance ba. Na fahimci wannan. Amma ban yarda da shi ba, kuma yau ba zan ɓoye ba.

Kuma saura ƙiris ya ci nasara, wanga shi ke ƙona min rai. Wajen shekara ashirin da fara yawonsa waƙar ta kusa mutuwa. Kaset ya tsufa, masu rera ta sun tsufa. Har ya fara cewa, “Haladu, bana ko baɗi.” Sai waya ta zo. Wani ya tono tsohon kaset a ƙasan akwatin kakarsa ya juye a waya, masu tura waƙoƙi a kasuwa sunka samu. Ranar da ya ji ta tana tashi daga aljihun wani ɗan acaɓa, ya dawo shagon nan ya zauna a wancan benci. Ya ce min, “Kaset ana ƙone shi. Wagga fa, ina take balle in kama ta?” Daga ranar bai ƙara fita da jaka ba.

Ranar ce na kasa daurewa na faɗa masa abin da na faɗa muku yanzu. Na zaci zai kore ni. Ko kai bai ɗago daga rediyon da yake gyara ba. Ya ce, “Na sani tun a zaure. Muryarka ta yi rawa.” Na ce to bari in je in faɗa wa Yaya. Ya ce, “Ka hwaɗa a yi mi? Ni nir rera ta, ba kai ba. Gida guda ya isa a ruhe.” Ya sa na yi masa alkawarin ba zan buɗe baki ba muddin yana raye. Na ji daɗin alkawarin, kada in yi muku wata ƙaryar. Matsoraci in ya samu wanda ya ce masa yi shiru, ai ya samu abin da yake so.

Yadda ya rasu kun ji, amma zan maimaita saboda zantukan banza da ke yawo. Wani ƙauye a yankin Birnin Tsaba lasifikar masallacinsu ta lalace. Ku mutanen gari kuna jin lasifika ku ce kiran salla. A can yanzu ita ce ke gaya wa na gona su gudo in an hango baburan 'yan bindiga. Kwana tara tana mace. Masu gyara uku anka kira sunka ƙi zuwa, kuma ban ga laifinsu ba. Jalalu ya ɗaura sabon ƙahon lasifika a bayan babur ɗin Mudi ɗan acaɓa, da hantsi sunka kama hanya. Ba su kai ba. Mudi ya tsira da harsashi a cinya, ga shi can zaune da sanda. Masu cewa wai an ji waƙar na tashi a wayar ɗaya daga cikin 'yan bindigar, na tambayi Mudi, ya ce bai ji komai ba sai harbi. Ku bar ƙawata mutuwar mutum don ta yi daɗin labari. An kashe shi da rana tsaka a kan hanya kamar yadda ake kashe mu kullum, kuma har yau ba wanda ya zo ya tambayi Mudi ko su nawa ne.

Ku kuma samari masu liƙa hotonsa a kan waƙar kuna turawa kuna rubuta Allah ya jiƙan gwani, na san kuna ganin karramawa ce. Abin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ƙonewa shi kuke rabawa a sadakar arba'in ɗinsa. In kuna ƙaunarsa ku goge.

Yanzu na zo gare ka, Malam Abdussalam. Ka gafarce ni, a gaban jama'a zan yi, don a ɓoye na kasa shekara da shekaru.

Ka tuna shekarar da Malam ya rasu, ana saura kwana shida azumi, akwatin lasifikar masallacinku ya ƙone? Ka tuna na zo da wani akwatin a cikin buhu na ce wani bawan Allah ya bayar, ba ya son a ambace shi? Baƙin akwati mai hannun fata, wanda har gobe ke ƙarƙashin mumbarinka. Akwatin ƙara sautin jitar Jalalu ne. Shi kaɗai ya rage bai fasa ba. Da shi anka yi “Ƙarshen Dogo”. Ya kwana biyu yana sauya masa ciki don ya dace da muryar mai karatu. Kuma duk shekara in Sha'aban ya raba na zo na ce zan kai shi Gusau a duba, ban taɓa kai shi Gusau ba. Nan nake kawo shi, kan wancan tebur.

Shekara talatin da uku, Malam. Duk tafsirin da ka yi, duk kiran salla, duk sanarwar jana'iza, ta hannun ƙanenka sunka bi kafin su kai kunnen mutane. In ka fara karatu da la'asar yakan kashe duk abin da ke kunne a shago ya zauna bakin ƙofa. Daga nan yake sanin lafiyarka. Sai ya ce min, “Yaya na mura yau, ka kai mishi citta.” Cittar da nake kawo maka ke nan kana sa min albarka. Shekarar da haƙoranka na gaba sunka zube, shi ya fara ganewa, ya ce in kawo akwatin ya ɗan gyara don kada yara su ji sautin ya canza su yi dariya.

Ni lissafi na koyar, ban san fiƙihu ba, ba zan yi karambanin gaya maka hukuncin wanda ya furta abin da bai san ma'anarsa ba. Kai ke karantar da mu cewa ayyuka na bin niyya. Abin da na sani shi ne sharaɗin da anka gindaya masa babu ɗan Adam da zai iya cika shi, kuma shi ya yi ta ƙoƙarin cikawa har ƙarfinsa ya ƙare. Wanda ya san gaskiya ya ɓoye, ni ne, kuma ni ina shiga zaurenku ina fita, ana ba ni fura. In akwai wanda ya cancanci a hana shi taka zauren nan, ga shi tsaye a gabanka. Ka hana ni daga yau, wallahi ba zan ce ka zalunce ni ba.

Amma Jalalu ya riga ya wuce inda ƙofa ke yi masa amfani. Saura waɗanda ya bari. An yi zaman makokinsa a bakin titi, ƙurar mota na zuba a kan masu gaisuwa, alhali zauren ubansa na can a share. Rumaisa'u shekararta ashirin da uku, ba ta san yadda cikin gidan kakanta yake ba, ta gefen katanga take wucewa. Lauratu na da sauran kwana casa'in na takaba a ɗakin da ƙyaurensa langa-langa ne, a ƙarshen gari, inda makon jiya harbi ya kai har bayan gidan mai. Su biyu ne mata, ba namiji. Na san mai takaba ba ta barin ɗakin mijinta, amma a bakinka na ji cewa in akwai tsoro shari'a ta yi rangwame. Ta wancan akwatin na ji ka faɗa.

Lauratu, ki yafe min. Kin auri mutumin da anka rufe wa ƙofa, kin zauna da shi ba ki taɓa yi masa gori ba, kina dafa min abinci ba ki san ni ne sanadi ba. Rumaisa'u, ubanki bai yi abin kunya ba. Kuskure ya yi irin wanda duk garin nan munka yi tare da shi, mu munka rera, munka yi rawa, shi kaɗai ya biya.

Ina godiya ga wakilin mai martaba da uwayen ƙasa da malamai da sunka jure dogon surutuna. Ina godiya ga ƙungiya, da matan unguwa da sunka kwana arba'in suna kawo abinci gidan nan, da Mudi da ya ce ko da rarrafe sai ya zo.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Jalaluddeen ɗan Mu'awiya. Ka karɓi shahadarsa, ka yafe masa abin da ya sani da abin da bai sani ba. Ka haɗa shi da mahaifinsa a inda babu sauran sharaɗi tsakaninsu. Ka jiƙan dukkan waɗanda anka kashe mana a hanyoyi da gonaki, waɗanda munka binne da waɗanda ba mu samu gawarsu ba. Ka kawo mana ƙarshen wagga musiba. Ni kuma ka yafe min ƙaryar da na yi a gaban malamina. Amin.

Malam, la'asar ta gabato, kai za ka ja mu salla, ba na neman ka amsa min da baki. Daga inda kake zaune zuwa labulen Lauratu taku goma sha biyu ne, na auna da safe don na san nan za ka zauna. Ni na ce su ɗaure kayansu tun jiya, ko za ka tafi da su gidan ubanku. Ƙulli biyu ne da akwatin ƙarfe guda, suna nan bayan ƙyaure.

A yi mana Fatiha.